Allurar da Ta Bi Kabir

Wata ranar Talata bayan la'asar, Abdullatif ya tsaya da babur a ƙofar gidansu Kabir a Kankia. Taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu ba a tsokani juna ba. Abdullatif ma'aikacin awon ƙasa ne, an aike shi ya kafa fegi inda za a haƙa rijiyar burtsatse a bayan Bauranya.

"Bawana, taso ka riƙe mini jaka."

"Ni ne bawan? To mu je, Injiniya."

Kabir tun a aji biyu na sakandare ya yi sallama da boko, amma a fagen shaƙiyanci ko farfesa sai ya zauna ya ɗauki darasi. Ya gaji da cika bakin taubashin nan, wai da taswira da kamfas mai nuna arewa ko Makka zai je a ƙasa. Don haka kafin ya fito ya ɓalle maganaɗisun wata tsohuwar sifika ya jefa aljihu.

Suka ajiye babur a bakin hanya, Kabir ya karɓi makulli ya sa aljihu, suka kutsa gonaki. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi, hadari ya rufe rana. Abdullatif ya shimfiɗa taswira bisa gwiwa, yana bin layukan tudu da kwari da yatsa, ya ɗora kamfas. Kabir ya matso kamar mai son koyo. Allurar kamfas ta karkata wajen aljihunsa. Ya cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce.

Haka aka yi ta yi. Duk inda aka tsaya, Kabir na manne da shi.

"Taswira ta ce rafi na hannun dama," in ji Abdullatif. "Ina rafin?"

Babu rafi. Sai wani fili da ba a noma ba, da guntayen katanga da ruwa ya cinye, da bakin tsohuwar rijiya. Kufai ne, kuma babu shi a taswira. Sun shigo tsakiyarsa ko sallama ba su yi ba.

Kwaɗi suka yi tsit lokaci guda. Ƙaurin hayaƙin kara ya taso, da ƙamshin daddawa, kamar ana kaɗa miya a kusa.

Kabir ya zaro maganaɗisun. "Wasa ne fa, taubashi."

"Ka kashe mu! Jefar da shi!"

Ya wurga shi cikin dawa, ko bisimilla babu.

Ba su ji faɗuwarsa ba.

Allura ta juya ta nuna inda ya jefa.

"Daga can bai isa ya ja ta ba," Abdullatif ya ce cikin raɗa.

Sai ta fara tafiya a hankali. Duk inda ta nuna, karan dawa na lanƙwashewa. Ta zagaye su sau ɗaya. Zagaye na biyu ya fi kusa.

Kabir ya buɗe baki zai ja Ayatul Kursiyyu, ta tsaya masa a rabi.

Ruwa ya goce.

"Dubi ƙasa," in ji Abdullatif. "Ruwa rafi yake nema, rafin kuma ya ratsa hanya. Bi shi. Kada ka waiga."

Suka bi kwararar ruwa a tsakanin kunya, ganye na yankan fuska. A baya, taku. Makullin babur da ke aljihun Kabir ya miƙe, yana jan rigarsa baya.

Numfashi mai ɗumi a ƙeyarsa.

"Samari," wata tsohuwar murya ta ce, "ka yar da kayanka a gidanmu."

Wani abu mai nauyi ya faɗa aljihunsa, da zafi kamar an ciro shi daga murhu.

Bai san yadda ya faɗa rafi ba. Ya dai san Abdullatif ne ya ja shi da wuyan riga har bakin hanya, ana kiran magariba. Da ya laluba aljihu, makulli kaɗai ya samu.

Kwana tara ya yi yana zazzaɓi. Da ya tashi Abdullatif ya zo gaishe shi, ba tsokana, ba kiran bawa. Ya ajiye kamfas bisa tabarma. Kabir ya koma dama, allura ta bi. Ya koma hagu, ta bi.

"To ni ta ke nunawa ke nan?"

Abdullatif ya daɗe yana kallonta.

"Ba kai ba. Tsaya nan, kada ka motsa."

Kabir ya tsaya cak. Allura ba ta tsaya ba, sai da ta ƙara taku ɗaya, kamar akwai mai tafiya tare da shi.