Ruwan Makafin Kifaye

Rana na gab da faɗuwa Khalfan ya ɗaura igiya a ƙugu. Fari ya yi tsanani a ƙauyensu na gindin dutse a ƙasar Oman, dabinon da ya gada sai mutuwa yake ɗaya bayan ɗaya. Injin jan ruwa da ya kafa a bakin wani kogo ma ya koma zuƙar iska. Dole a ƙara zura tiyo ƙasa.

Matarsa Zuwaina ce ta riƙe masa igiyar.

"Baban Shamsa, bari sai da safe. Magariba fa ake nema."

"Da safen me zan tarar? Itace? Ke dai riƙe."

Ya gangara. Warin kashin jemage ya cika masa hanci. Kududdufin da a da ke kai wa mutum ƙirji ya koma tafin hannu. A ciki kifayen kogon suka cunkushe, farare ƙal, ba su wuce yatsa ba, babu ido ko ɗaya. Yana yaro ba sa ƙirguwa. Yanzu ba za su cika ƙwarya ba.

Ya kawar da kai, ya tura tiyon tsakiyarsu, ya yi kira sama: "Tayar!"

Injin ya kama. Ruwa ya soma ja baya, kifayen suna fal-fal a laka.

Sai suka tsaya cak. Duk suka juyo da kawunansu wajensa.

Tocilarsa ta mutu.

Wani ya ja numfashi daf da kunnensa.

"Ka shanye mana."

"'Ya'yana..." in ji Khalfan. "Wallahi ba mu da komai."

"Mu ma."

Yatsu masu sanyi, jiƙaƙƙu, suka lalubo fuskarsa. Suka tsaya kan idanunsa, suna latsawa a hankali.

"Waɗannan fa? Me kake yi da su a nan ƙasa?"

"Zuwaina! Kashe! Ja ni!"

Injin ya yi shiru. Yatsun suka sake shi. Da rarrafe ya fito, gwiwa duk jini, fatar tafin hannun Zuwaina ta saɓule da jan igiya.

Washegari ya sare tiyon da adda. Dabinon ya ƙarasa bushewa.

Amma inda yatsun suka taɓa ya yi fari fat. Kullum da asuba sai Zuwaina ta jiƙa tsumma ta raba masa fatar idon da ta manne cikin dare. Ba ta gaya masa ba: kowace safiya wurin buɗewar raguwa yake yi.