Robobi Huɗu Daga Bakin Rijiya

Ran Talata da la'asar sakaliya Alhusaini ya fito daga ƙarƙashin motarsa, ya kakkaɓe riga, ya tsaya a tsakar gida yana jiran yabo. Babu wanda ya ɗago kai. Matarsa Zali tana tankaɗe, ɗiyarsu Hamdiya tana wanke-wanke a gindin randa. Haka mutanen Tama suke. Mutum ya yi aikin da ko a Madawa sai an tara masa jama'a, amma a gidansa ko sannu ba ya samu.

Robobin ƙafafun gaban motar ne suka cinye, waɗanda masu gareji ke ce wa silambulok. Duk ramin da ta faɗa da buhunan albasa, sai ƙarfe ya bugi ƙarfe. Zali ta ce ya kai ta Buza wurin Nazifi makanike. Alhusaini, mai wannan kai, a ce ya je ya tsuguna gaban Nazifi! Sai ya gangara fadama. Can bayan garake akwai tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba, an kewaye bakinta da wata ƙatuwar tayar babbar mota. Bai yi sallama ba, bai yi bisimilla ba. Taya ce, ta wa? Ya yanko gunduwa huɗu masu kauri, ya fere su, ya huda, ya shafa sabulu, ya danna kowace cikin idon ƙarfenta da guduma. Aiki ya yi kyau, wannan kam ko maƙiyi ba ya musu.

Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan motar. Na biyu ya fasa randa. Alhusaini ya leƙa bayan katanga bai ga kowa ba, awaki ma sun yi tsit. Da ya waiwayo, Hamdiya tana kwance cikin ruwan randar, hannuwa da ƙafafu a naɗe kamar an cusa ta a tulu. Idanunta a buɗe. Daga maƙogwaronta wani siririn kuka ke fita, irin na roba idan nauyi ya danne ta.

"Malam," in ji Zali a hankali, "mi ka kawo muna gida?"

"Gyara ni yi. Gyara laihi na?"

Da safe ya sa ta a mota zuwa gidan likita. Duk ramin da suka faɗa sai Hamdiya ta ƙwalla ƙara, motar kuwa shiru, tana tafiya lafiya lau. Likita ya duba bai ga komai ba. Suka dawo ta ramukan nan dai.

Kwana uku gidan ya yi haka. Zali tana ɗura mata kunu da cokali, rabi ya shiga, rabi ya zube. Duwatsu suna zuwa da magariba, ba yawa, biyu ko uku, har aka daina tashi a duba. Alhusaini yana zaune a kan turmi yana kallon motar. Ba ya jin yunwa, ba ya jin tsoro ma sosai. Ya ƙirga yatsun Hamdiya da suka kafe a tafin hannunta, ya sake ƙirgawa.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci ɗan kabu-kabu ya kawo Malam Ilyasu daga Ibohaman, wani tsamurarren dattijo mai ƙaramar murya. Ya zauna kusa da kan yarinyar, ya yi karatu mai tsawo. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida kafin bakin Hamdiya ya motsa. Muryar tsohuwa ce ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Wace ce ke? Mi yarinyarga ta yi miki?"

"Ni ce mai rijiya. Ita ba ta yi min komi ba. Ubanta na. Tayarga ɗakin ɗiyana ta, shekara talatin. Suna kwana ciki ya zaka da wuƙa, ya yanke su huɗu, ya danna su cikin ƙarhe. Ko wane rami na hanya, bisa kansu yake hwaɗawa. Huɗu ya ɗauka, gaɓa huɗu ni riƙe."

Alhusaini ya gyara murya. "Malam, a hwaɗa mata ban ga suna bisa tayar ba. Kuma yankan da ni yi..."

"Yi kurum, Alhusaini," in ji Malam Ilyasu.

Aljanar ta ce a bar mata yarinyar, an yi musanya ke nan. Malam ya ɗora karatu daga inda ya tsaya, har ta roƙi ya dakata. Sai ta sauko: a fiddo mata ɗiyanta daga ƙarfe, a mayar da su rijiya kafin rana ta faɗi, kuma wanda ya sa su shi zai cire.

"Kada wuta ta taɓa ko guda. Wanda duk ya ƙone, gaɓar da ni riƙe dominai ta tahi ke nan."

Alhusaini ya kafa kirik ya ɗaga mota, ya shiga ƙarƙashinta. Aikin da ya ci masa yini guda, yanzu shi ne da guduma yana rushewa. Roba ta farko ta faɗo, Zali ta ce daga ɗaki, "Hannun dama ya saki." Ta biyu, hannun hagu. Ta uku ta wahalar da shi, amma ta fito, ƙafar dama ta miƙe.

Ta huɗu ta ƙi. Ita ce wadda ya fi ƙwarewa a kanta, ta zauna daram, ko allura ba ta shiga gefenta. Ya buga, ya zuba sabulu, ya buga, guduma ta zame ta fasa masa yatsa. Maƙwabta sun taru a ƙofa. Wani ya ce ai ko a gareji in roba ta kafe wuta ake sa mata, ta narke ta zubo, nan da nan an gama. Alhusaini ya dubi murhun Zali, akwai sauran garwashi. Ya dubi rana, ta sauka kan itatuwan fadama.

Ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen sun yi tsatsa, kile, wato sifana, ya kasa juya su. Ƙarfen kuwa na tsohuwar mota ne, ko a Tawa an daina samun irinsa. In ya yanke shi, motar ta zauna ke nan. Ya ce a miƙo masa zarto.

Haka mutanen Tama suka gan shi, da ƙarfen ƙafar motarsa a kafaɗa, roba ta huɗu na maƙale a idonsa, robobi uku a aljihu, yana sauri ta tsakiyar gari. Har yau abin da suke ba da labari ke nan, babu mai faɗin yadda ya daidaita yankan zarton. A bakin rijiya ya yi sallama da ƙarfi. Ya mayar da gunduwa uku gurabensu, ya kwantar da ƙarfen a gurbi na huɗu. Babu abin da ya amsa sallamar. Ya tsaya kaɗan, ya juyo.

Magariba ta same shi a hanya. Ya shiga gida yana sauraren dutse, dutse bai zo ba. Motar tana durƙushe a kan kirik, Malam Ilyasu yana alwala. A bakin ƙofar ɗaki Hamdiya tana tsaye, ta dafa bango da hannu ɗaya. Ta ɗaga ƙafar hagu a hankali, ta taka, ta sake takawa, har ta iso gabansa da buta.

"Baba, ga ruwa," ta ce da muryarta. "Hannunka duk jini."

Ya tsuguna ya miƙa hannun, ta zuba.