Bakaniken da Ya Ƙona Injin Baba

Ranar da Uwani ta fara ganin Zaidu, faɗa ta je yi. Daga firamaren da take koyarwa a Yelwa ta wuce garejinsa, ko allin da ke yatsunta ba ta wanke ba.

Zaidu ne bakaniken da direbobin Yauri ke kai wa mota idan suna son inji ya ƙara ƙarfi. Makon da ya wuce ya taɓa akori-kurar mahaifinta, Malam Audu mai fataucin kifi. A hanyar Kontagora injin ya ɗau zafi ya buga, ɗanyen kifin da aka loda a bakin tafki ya ruɓe a rana. Tun ranar tsohon bai ci abincin kirki ba.

Ta amayar da duk abin da ke cikinta a gaban direbobi. Zaidu bai katse ta ba. Da ta gama ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Kafin motar ta tsaya, Baba ya ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani?"

"Haka ya ce."

"To laihina ne, Malama. Na matsa taimin, wato saitin wutar injin, ya wuce ƙa'ida, ban tambayi nauyin da yake ɗauka ba. Gyaran tasi daban, na motar kaya daban."

Kowace ƙarya Uwani ta tanadar mata amsa, gaskiya ce kaɗai ba ta shirya wa ba. Har ta isa gida tana juya maganar a ranta.

Kwana tara Zaidu ya yi yana haɗa injin. Da ya kawo motar, Malam Audu ya karɓi makulli bai ko dube shi ba. Uwani ce ta miƙa wa Zaidu ruwa a zaure.

Bayan sati biyu ƙawarta Ladidi ta kawo mata takarda daga Zaidu.

"Malamata, ni inji nake saurara in gane ciwonsa. Tun ranar da kika yi mini faɗa nake sauraren muryarki a kaina, abin da na gane kawai shi ne ina son ki. In babu hali ki faɗa mini, ba zan riƙe ki ba."

Ta rubuta masa, "Bakanikena, akwai kuskure huɗu a rubutunka. Ka zo ran Juma'a in gyara maka."

Juma'a ta zama tasu, har labari ya kai kunnen Malam Audu.

"Wanda ya ruɓar min da kihi zan ba ɗiyata? Ga Modibbo akawu yana ta aiko da gaisuwa!"

Sai Zaidu ya ɗauke ƙafa. Juma'a uku Uwani tana shimfiɗa tabarma tana naɗewa. A ta huɗu ta bi ta garejin.

"Mi ya hana ka zuwa?"

"An ce an ba Modibbo ke."

"Mai mota kakan tambaye shi mi ya ji kafin ka kama aiki. Ni ban kai a tambaye ni ba?"

Ya sunkuyar da kai. "To ina tambaya, Malamata."

"Kai nike so. Sauran ka bar wa Allah."

Inna Dije, mahaifiyarta, ita ta ɗauki maganar. Tana zuba wa mijinta fura ta ce, "Malam, shekara talatin muna tare. Sau nawa ka taɓa ce min kai ka yi kuskure?"

Ya ɗauki ludayi ya hau shan furarsa.

"Yaron ga ya faɗa gaban jama'a, ba wanda ya matsa mai. Gidan irin wanga mutum nike so ɗiyata ta zauna."

Kwana biyu Malam Audu bai tada zancen ba. A na uku ya tuƙa motarsa zuwa garejin, ya zauna a benci, ya jima yana kallon Zaidu yana aiki. Can ya ce, "Wane ne mahaifinka? Ka ce ina son ganin shi."

Bayan ƙaramar Sallah ta 1985 aka ɗaura aure. Direbobin Shanga da Ngaski suka jera motoci tun daga bakin kasuwa, suna ta danna oda. Da za a fita da amarya, Malam Audu ya dafa kanta.

"Allah ya yi miki albarka, Uwani. Ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a ta gari."

Daga cikin mayafi ta ce amin, hawayenta na sauka a bayan hannun Inna.