Cokali a Hannun Daman Malam

Ranar bikin ƙawarta Sa'a a garin Jama'a Badi'a, 'yar garin Gammo, ta fara ganinsa. Ta fito da tiren abinci za ta miƙa zaure, sai ta hango samari sun ƙure ado, kowa na lallaɓa hularsa, shi kuwa ya naɗe hannun riga ya tsuguna gaban wani tsoho marar haƙora yana yagyaga masa nama ƙanana-ƙanana. Ta shagala da kallo har tiren ya karkace.

"Malama, miyarki za ta zube," ya faɗa yana murmushi.

Kunya ta kama ta, ta dire tiren ta koma ciki da sauri.

"Ɗan wan babana ne, Mudassir," in ji Sa'a tana dariya. "Injiniyan ruwa yake karanta a Turkiyya, hutu ya zo. In ba shi lambarki?"

"Allah ya kiyaye!" in ji Badi'a. Kafin la'asar dai lambar ta shiga wayarsa, kuma ba Sa'a kaɗai za a ɗora wa laifin ba.

Da hutu ya ƙare ya koma, soyayyar ta koma waya.

"Hasken Gammo, yau ƙanƙara ta rufe gari. Na tuƙa tuwo na kaɗa kuka, amma daddawata ta ƙare, miyar ta fito salam. Ke nake kewa, sannan daddawa."

"Na gode da ka sa ni gaba da daddawa, ɗan Turkiyya."

Duk Asabar ba ya samuwa sai yamma, abin ya fara damunta. Rannan ta kira, ta ji muryar mace tana kiran sunansa da shagwaɓa. Ta kashe wayar, ta wuni tana kumbure-kumbure, ko sallamarsa ta ƙi amsawa. Sai ga hoto ya shigo: wata tsohuwa fara fat, kanta duk furfura, ta riƙe masa kunne.

"Ga wadda kike kishi da ita, ta haura tamanin. Gidan tsofaffi nake zuwa taimako, ba biya. Ina yanke musu farce, in yi wa mazan aski, in ciyar da wanda hannunsa ya gaza. A bakinsu na koyi yaren, shi ya sa 'yan ajinmu ke min dariya wai ina magana kamar kakansu."

Badi'a ta yi dariya har da hawaye, daga ranar son ya ƙara kama ta.

Sai dai hoton da ya wanke shi a wajenta, irinsa ne ya ɓata shi a wajen mahaifinta. Malam Ƙasim mai makarantar allo ne a Gammo, mutum mai kaifi ɗaya. Jibirin, wani mai kanti a Kabo da ya daɗe yana nacin neman Badi'a, shi ya tsinto hotunan a intanet ya kai masa, wai don Allah.

Malam ya kira ta gaban Inna Turai, mahaifiyarta.

"Gidan da 'ya'ya ke kai iyayensu su ajiye su tafi, nan yake hidima? Wanda idonsa ya saba da wannan, wata rana shi ma zai ga ba komai ba ne. Ba zan ba shi 'yata ba. Kada magabatansa su wahalar da kansu."

"Baba, waɗansunsu fa ba su da kowa ne..."

"Na gama magana."

Ta yi kuka ranar kamar ranta zai fita. Da ta sanar da Mudassir, amsarsa gajeriya ce: "Kada ki saɓa masa, Badi'ata. Ni ma ba zan bar tsofaffina don a yabe ni ba. Mu bar wa Allah."

Ana shirin girbi Malam ya yanke jiki ya faɗi a bakin makaranta. Aka kai shi asibiti Kano, ya dawo da shanyewar ɓarin jiki na dama, harshensa ya yi nauyi. Likita ya ce zai samu sauƙi idan yana cin abinci, to a nan gizo ke saƙar. Mutumin da ya shekara talatin yana buge hannun yara idan suka ci da hagu, ya ce shi ba zai kai hagu bakinsa ba, duk da 'yan'uwansa malamai sun nuna masa lalura ce. A ba shi a baki kuma, sai ya kau da kai hawaye na gangarowa. Ruwa da ɗan kunu kawai yake kurɓa, ya rame har ƙasusuwan wuyansa suka fito. Jibirin ya aiko da katan na madara, gwangwanayen suka yi ta zama a kusurwar ɗaki.

Badi'a ta rasa inda za ta sa kanta. Wata safiya ta rubuta: "Baba yana ƙarewa a gaban idona." A lokacin Mudassir na Jama'a, ya zo hutun ƙarshen zango. Bai ba ta amsa ba, sai da hantsi ta ji sallamarsa a zaure, ya ce dubiya ya zo.

Inna ta ce ya shigo. Badi'a ta laɓe bayan labule.

Ya durƙusa nesa ya gaida Malam, ya yi masa ya jiki. Malam ya gane shi sarai, ya haɗe rai. Mudassir ya roƙi Inna kwanon fate da cokali da ɗan tsumma mai tsabta, ya nannaɗe mariƙin cokalin har ya yi kauri. Ya matso ta ɓangaren dama, ya ɗauki hannun da ya shanye ya dunƙula yatsun a kan cokalin, ya tallafe gwiwar hannun da nasa. Kansa na sunkuye, irin yadda saurayi ba ya haɗa ido da uban budurwarsa.

"Allah gafarta Malam, ni ba ni zan ba ka ba. Da damarka za ka ci, ni madogara ce kawai. Bismillah."

Cokalin ya taso yana rawa, rabin faten ya zube a riga, rabin ya shiga baki. Malam ya haɗiye. Ya dubi hannunsa ya daɗe, sannan da kansa ya yunƙura ya koma kwanon. Badi'a ta toshe baki da mayafi don kada a ji kukanta.

Har hutunsa ya ƙare kullum Mudassir na kan babur tsakanin Jama'a da Gammo, ya koya wa Inna da yayyen Badi'a yadda ake tallafar hannun. Ko sau ɗaya bai ɗaga maganar aure ba. Ranar da ya zo sallama, Malam ne ya riƙo gefen rigarsa, da harshensa mai nauyi ya ce, "Ka... turo su."

Da ya kammala karatu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam, Gammo ta cika maƙil da mutanen Gwarzo da Kabo. Ango zai koma Turkiyya ƙaro digiri, da amaryarsa zai tafi.

"Amaryata, kin shirya shan sanyi?" ya rubuto mata ana tsaka da hidima.

"In dai kana kusa, angona. Daddawa ma na ƙulla mana da yawa."

Da aka kai ta yin sallama, ta durƙusa gaban mahaifinta tana kuka. Malam ya ɗago hannun damansa a hankali, ba wanda ya tallafa masa, ya ɗora a kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku. In kin je, ki bi mijinki gidan tsofaffin nan. Ki ce musu wani tsoho a Gammo yana gaishe su, ya kuma gode."