Jar Motar Yaya Da Auren Auta

Kafin a ga motar Yaya ake jin ta. Ranar ma haka aka yi. Auta na tsaye a falo tana guga, Mama na kan doguwar kujera tana ɗinke maɓallin riga, sai gilasan taga suka ɗauki rawa. Mama ta soki yatsarta da allura.

"Innalillahi! Yaron nan sai ya sa zuciyata ta buga wata rana," in ji Mama, ta sa yatsar a baki.

Yaya shi ne babba a gidan. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya zama uba, shi ya tsaya wa Auta har ta gama makaranta, kuma baffanninsu sun sakar masa wuƙa da nama a kan maganar aurenta. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da ya daɗe bai ji wani ya ce masa a'a ba.

Ya shigo ko sallamar kirki babu, ya jefa makulli kan tebur.

"Ke Auta! Saurayin nan naki ya san ko ni wane ne?"

Wanda Auta take so, wanda kowa ke kira Injiniya, makanike ne a wani gareji da ba a taɓa komai sai motocin gudu. Shekara biyu ke nan suna tare, saura kawai Yaya ya ba da rana magabatansa su zo.

"Me ya yi, Yaya?"

"Me ya yi? Na kai masa mota ya ƙara wa turbo ƙarfi. Aikin awa ɗaya! Ya jona kwamfuta, ya buɗe wa injin numfashi, shi ke nan. Sai ya kalli tsabar idona ya ce wai ba zai taɓa ba sai an canja birki gaba da baya, kuma wai kayan sai an yi odarsu, sati shida! Ni da muke da tsere da abokaina Asabar ta sama. Na ce masa gudu na zo nema, ba tsayawa ba."

"Ai da ka bi ta tasa," Mama ta ce a hankali. "Shi ya san aikinsa."

"Mama, don Allah ki bari! Raini ne kawai. Tun bai shigo gidan ba ya fara yi mini doka." Ya juya ga Auta. "Ki faɗa masa: in yana son danginsa su tako ƙofar gidan nan, ya yi mini aikin kafin Asabar ta sama. In ba haka ba, ya nemi ƙanwar wani."

"Yaya, filis—"

"Na gama magana!"

Sai da Mama ta yi ihu Auta ta lura dutsen guga ya ƙone hannun rigar da take gogewa.

Washegari da hantsi ta tafi garejin. Wuri ne mai tsafta fiye da kicin ɗin mutane da yawa: daɓen siminti an shafe shi da fenti, kowace sifana na rataye a gurbinta, motoci uku a ɗage sama cikinsu a waje. Injiniya na gindin wata, yana haska fitila. Da ya gan ta ya fito yana goge hannu.

"Ranki ya daɗe. Wannan fuskar ba ta alheri ba ce."

Ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta kai aya, sannan ya ɗauko wani faifan ƙarfe mai faɗin faranti ya ɗora kan benci.

"Kin ga wannan? Irinsa ne a ƙafar motar Yaya. Turbo iska yake cusa wa inji, in na ƙara masa, motar za ta yi gudun da ba a ƙera wannan faifan dominsa ba. Taka ɗaya, taka biyu, zai riƙe. A na biyar ko na shida ya yi jawur, man birkin ya tafasa, ƙafa ta tafi ƙasa kamar an taka soso."

"To ka ƙara masa kaɗan mana."

"Yayanki ya san kaɗan?"

Ta san amsar. Can ta matso, ta sassauta murya. "Oke. Ka ce masa ka yi. Ka ƙara wa salansa ƙara, ya ji ruri ya ɗauka ƙarfi ne. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kuma ranar da ya gane, ya zama ɗan gidanku na farko da na yi wa ƙarya. Da me zan sake kallonsa?"

"Ashe ƙarfe ya fi ni a wurinka!"

"Haba, Auta! Ba ƙarfe nake kare wa ba." Ya sunkuyar da kai. "In na yi masa, aka kawo muku shi a naɗe, ke ce za ki zauna gida ɗaya da hannun da ya yi aikin. Gara ki rasa ni yana raye."

Maganar ta ba ta tsoro fiye da ta Yaya. Ta ja jakarta ta fita tana kuka, yana kiranta ba ta waiwaya ba. Kwana tara yana bugo waya, tana kallo har ta katse. Abinci ya daina shiga. Mama takan zauna gefenta ta ce, "Yi haƙuri, Auta. Abin da yake naka ba ya wuce ka." Auta ba ta ga alamar hakan ba.

A rana ta goma, da la'asar, motar ta shigo layi da wata sabuwar murya, mai kaifi, tana atishawa duk lokacin da aka canja giya. Yaya ya leƙo falo yana washe baki. Ya sami wani mai gareji a bayan tasha, wanda ake wa laƙabi da Gaggawa, ya yi masa aikin kafin shayi ya huce.

"Taso, Auta! Zo ki ga abin da malamin naki ya ce ba zai yiwu ba."

"Ba inda za ta," in ji Mama.

"Minti ashirin, Mama. Ni ne fa. Na taɓa ko ƙwarzane ta?"

Auta ta tashi. Ita kanta ba ta san dalili ba. Wataƙila ta ɗauka in tana ciki zai ji nauyinta.

Akwai sabon titi a bayan gari da ya hau tudu ya miƙe, motoci ba su cika binsa ba. Can ya nufa. Suna hawa ya taka totur. Kujera ta haɗiye bayan Auta, bishiyoyi suka zama zane ɗaya kore. Sai ya taka birki da ƙarfi, bel ya datse mata ƙirji.

"Kin gani? Ga gudu, ga birki! Ina matsalar?"

"Na gani, Yaya. Don Allah mu koma."

"Tukuna!"

Ya sake. Ya kuma sakewa. Ba tare da ta yi niyya ba Auta ta sami kanta tana ƙirgawa. Huɗu. Biyar. Wani wari kamar na tukunyar da aka manta kan wuta ya fara shigowa. A ƙolin tudun ya juya motar, ya fuskanci gangare, doguwar hanya mai saukowa har mararrabar da manyan motoci ke fakin, mata na sayar da lemo a gefe.

"Na ƙarshe," ya ce, ya sake mata wuta.

Allurar maleji ta wuce ɗari da sittin. Da suka doshi kwanar farko ya kai ƙafa kan birki. Auta ta ji ƙarar ƙarfen birkin ya taɓa ƙasan mota. Motar ba ta ko girgiza ba.

Ya sake takawa. Ta kalli fuskarsa. Tunda aka haife ta ba ta taɓa ganin Yaya da irin wannan fuskar ba.

"Auta," ya ce, da wata 'yar siririyar murya. "Babu birki."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yaya! Yaya!"

Suka sha kwanar, tayoyi na kuka. Auta ta zaro wayarta. Lambar Injiniya na saman jerin kiran da ta ƙi ɗauka. Bugu ɗaya ya ɗaga.

"Auta? Alhamdu—"

"Birki ya tafi! Muna gangaren sabon titi! Za mu mutu!"

Da ya sake magana, muryarsa a kwance take kamar mai karanta takarda.

"Buɗe sifika. Yaya, kana ji na?"

"Zan kashe injin—"

"Kar ka kashe! Sitiyari zai yi tauri. Cire ƙafarka daga totur gaba ɗaya. Giya nawa kake?"

"Shida!"

"Taka kuloci, sa biyar, saki a hankali. Yanzu!"

"To."

Injin ya yi kururuwa, motar ta ɗan ja baya kamar an riƙe mata wutsiya.

"Auta, ke ce idona. Karanta mini maleji, kar ki daina. Yaya, riƙa tattaka birkin da sauri-sauri, ko ba ka ji komai ba."

"Ɗari da arba'in! Ɗari da talatin... da ashirin da biyar!"

"Huɗu, Yaya."

"To."

Can ƙasa mararraba ta bayyana. Wata tirela ɗauke da rodi ta fara fitowa a hankali, ta tare rabin titi.

"Akwai tirela! Wayyo Allah, akwai tirela!"

"Danna oda kar ka saki. Lamba, Auta! Ba ni lamba!"

"Casa'in da biyar!"

"Uku."

"Injin zai fashe!" Yaya ya yi ihu.

"Ya fashe! Uku na ce!"

"To! To!"

Motar ta yi wani irin gunji, ta karkata, Yaya ya daidaita ta. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Saba'in. Sittin. Masu lemo suka watse suna ihu, farantai na birgima.

"Biyu. Yanzu hannu biyu kan sitiyari, kar ka saki. Auta, kama birkin hannu. Danne maɓallin da babban yatsa, kar ki sake shi. Ja kaɗan. Kaɗan na ce! In kin ji bayan motar na zamewa, sassauta."

Ta ja. Ta ji motar na jayayya da ita a tafin hannunta. Bayan ya fara zillewa, ta sassauta, ta sake ja.

"Akwai yashi a gefen titi?"

"Akwai!"

"Sa tayoyin dama a ciki, Yaya. A hankali."

Ƙura ta turnuƙe gilas. Duwatsu suka riƙa dukan cikin motar. Arba'in, ashirin, goma. Sannan komai ya tsaya. Da ƙurar ta lafa, tsinin rodin tirelar na gabansu, tazarar da ba ta fi tsawon tabarma biyu ba.

Hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba. Mutane suka rugo, wani ɗauke da bokiti.

"Auta? Auta, yi mini magana!" Yanzu ne muryar Injiniya ta karye.

"Mun tsaya," ta ce, ta fashe da kuka.

"Alhamdu lillahi. Ku fita ku yi nesa da ita. Kar a bari kowa ya watsa wa tayoyin ruwa, faifan zai tsage. Ga ni nan."

Ya iso da motar janye motoci kafin rana ta faɗi. Ya tarar da Yaya zaune a kan dutse, ya kasa riƙe robar ruwan da aka ba shi. Injiniya ya durƙusa ya riƙe masa har ya sha. Bai ce uffan a kan birki ba, a ranar ko bayanta. Ya ɗaure motar, ya kai su har ƙofar gida, ya tsaya daga waje kamar yadda ya saba.

A falo, Mama ta ji labari ta rungume Auta, sannan ta juya ga ɗanta.

"Amanar ubanka ka ɗauka ka je ka yi caca da ita? Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho!"

Yaya ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa, dab da ƙafafunta.

"Mama, ki yafe mini. Auta, ki yafe mini." Ya share fuska. "Na ba shi zaɓi tsakanin ke da raina, ya zaɓi raina. Ni kuwa na zaɓi mota." Ya ɗago. "Yana waje?"

"Yana waje."

"Ki ce masa... a'a. Ni zan je."

Ta taga Auta ta ga yayanta ya miƙa hannu biyu, abin da ba ta taɓa ganin ya yi wa sa'ansa ba, balle na ƙasa da shi. Sun jima suna magana. Da ya dawo ya ce da Mama a gyara falo ranar Asabar, akwai baƙi.

"Tseren fa?" Mama ta tambaya, tana harararsa.

"Ai na riga na yi nawa."

Auta ta fita ta sami Injiniya jingine da motar da ya zo da ita. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Sori," ta ce. "Kwana tara ban ɗauki wayarka ba."

"Ni kuwa kin ga bugu ɗaya na ɗauka. A rubuta wannan, zan buƙace shi nan gaba."

Ta yi dariya da hawaye a fuska. "Ba ka ji tsoro ba? Muryarka ko rawa ba ta yi."

Ya nuna mata hannunsa. Har lokacin kyarma yake.

Bayan wata biyu aka yi aurensu. Mutane da yawa sukan auna so da yawan abin da aka yi musu, sai sun girma su gane wani lokaci abin da aka ƙi yi musu ne ya fi tsada. Mai biya maka kowace buƙata cikin gaggawa ba lallai ne yana ƙaunarka ba, wataƙila bai damu da inda za ka ƙare ba ne. Wanda ya yarda ya rasa ka don kada ka cutu, ya jure fushinka da na danginka bai canja gaskiyarsa ba, shi ake riƙewa da hannu biyu. Injiniya ya yi haƙurin kwana goma a kan a'a guda ɗaya, ya sami mata, ya kuma sami ɗan'uwa a gidan da aka so a rufe masa ƙofa.