Sammaci a Kogon Tsamiya

Rana ta yi ƙasa, kaji sun fara neman makwanci, Baturiya matar marigayi Na'Allah tana zaune bakin ɗakinta tana tsince tsakuwa daga cikin aya. Duk Gazawa an san ta da taurin ciniki, mai saye ya yi fushi ya tafi, ba za ta kira shi ya dawo ba. Ɗiyarta Hamdiya tana tankaɗe kusa da murhu. Abin da ake jira kawai shi ne ƙugin motar Musbahu, ɗanta na fari, mai jigilar 'yan kasuwa tsakanin Gazawa da Cadawa.

Ƙugin bai zo ba. Musbahu da ƙafa ya shigo, ya zauna a kan turmi. Ya ce jandarma sun tare shi a shinge sun karɓe masa permi, takardarsa ta tuƙi. Wai tun ranar da aka kama shi da lodin da ya wuce kima ake aiko masa sammaci daga jastis, wato kotu, bai je ba, har alƙali ya yanke hukunci a bayan idonsa. Mai motar da yake yi wa tuƙi kuma ya amshe makulli. Ya rantse da Allah bai taɓa ganin takarda ko ɗaya ba.

Baturiya ba ta ɗago kai ba, don ita ta gan su. Jaye, ɗan saƙon mai gari, shi ke kawo su, kullum Musbahu yana kan hanya. Karatunta bai wuce na salla ba, amma ta san hatimin hukuma idan ta gani, ta kuma ƙudurta cewa ba za ta kai takardar hukuma gidan maƙwabta a karanta mata ba, gobe a ji a bakin rijiya wai ana neman ɗan Na'Allah. A ganinta wanda bai amsa ba, gajiya za a yi da kiransa. Rubutu kuwa ba a yar da shi ƙasa, ba a sa shi wuta. Sai ta riƙa naɗe su tana cusawa cikin kogon tsohuwar tsamiyar da ke bayan danga.

Tana cikin wannan tunani dutse ya faɗo tsakiyar faifan ayar. Ba daga waje aka jefo shi ba, miƙe ya sauko daga sama. Da ta taɓa shi, da ɗumi, kamar wanda aka daɗe ana riƙe da shi a tafin hannu.

Daga wannan maraice gidan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da ladan ya ɗaga murya sai duwatsu su fara sauka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kan rufin kwano, cikin randa, gefen ƙafar mutum, ba su taɓa samun kowa ba. Bayan danga kuma a riƙa jin takun wani yana kai da kawowa, irin takun wanda aka bari yana jira. Akuyoyi suka daina zuwa inuwar tsamiyar. Mata masu sarin aya suka koma tsayawa daga ƙofa.

Sannan abin ya faɗa kan Hamdiya. Kullum in rana ta yi ja, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta je ta zauna a kan turmi, bayanta miƙe, tafukanta bisa gwiwa, idonta a kan bangon da babu komi. Ba ta ci, ba ta ƙiftawa. Can sai ta miƙe tsaye, da muryar wani tsoho mai kauri ta ce:

"Na'am. Ga ni."

Ta jira. Ta koma ta zauna.

Baturiya ta yi hayaƙi, ta yi tofi, ta hana a faɗa wa kowa. Sai da ta ga wuyan yarinyar ya zama kamar kara, sannan ta bar Musbahu ya ɗauko Malam Cindo daga Cadawa, kan babur ɗin haya, shi da ya saba ɗauko mutane da mota.

Malam ya iso gab da magariba. Bai tambayi komi ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma gaban turmin, ya yi alwala, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Duwatsun suka tsaya cak. Shirun da ya biyo baya ya fi su nauyi. Da karatun ya yi nisa, Hamdiya ta juyo da kanta sannu, ta dube shi da idon da ba nata ba.

Malam ya tambayi mai muryar ko shi wane ne, mi kuma yake nema wurin ɗiyar mutane. Muryar ta ce shi mazaunin tsamiya ne tun kafin a kafa dangar gidan nan, bai taɓa taɓa ko ɗan tsakonsu ba. Kwatsam aka fara tura masa sammaci har cikin ɗaki. A wurinsu aljanu kuwa, wanda aka kai wa sammaci ƙofa, dole ya amsa. Ya tafi jastis, ya zauna a benci, aka kira suna ya miƙe ya amsa, ba wanda ya ji shi. Aka sake aikowa, ya sake tafiya. Ranar ƙarshe aka yanke hukunci yana tsaye, danginsa suka ce ya kwaso abin kunyar bil'adama, suka juya masa baya.

"Sunan yana kaina har yanzu," in ji muryar. "Ba ni ci, ba ni barci, jira nike a sallame ni. To ita ma ta jira tare da ni."

Musbahu ya juyo ya dubi uwarsa. Ba ta dube shi ba. Ta gyara zama, ta ja mayafinta, kamar yadda take yi in babban ɗan kasuwa ya tsaya gaban buhunanta.

"Malam, tambai shi mi zai amsa."

Muryar ta ce yarinyar. Baturiya ta ce wannan ba ta cikin ciniki, ya faɗi wani abu. Ta taya da baƙin zakara, ya yi dariya. Ta taya da bunsuru da turare, Malam ya ɗaga hannu ya ce a gabansa ba a yanka wa aljani komi. Muryar ma ta ce ba yunwa ta kawo shi ba. Wadda ta ajiye masa sunan, ita za ta zo ta ɗauke shi, da hannunta ta zaro takardun, da bakinta ta kira mai sunan, a ji.

Nan ne fuskar Baturiya ta canza. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna ba ta taɓa furta shi ba, ɗan fari ne. "Wancan" take cewa, ko "mai mota". Ta ce Malam ya kira a madadinta, aka ƙi. Muryar ta ce sau uku, a tsakiyar kasuwa. Ta ce sau ɗaya, a gindin tsamiya. Suka ja, suka ja, har Hamdiya ta fara karkarwa a kan turmin, kumfa na fita gefen bakinta.

"Sau ɗaya," in ji muryar a ƙarshe. "Amma da ƙarfi, maƙwabta su ji. Kuma mai sunan ya tahi ya amsa da kansa."

"Na sallama," in ji Baturiya.

Ta tashi ta zagaya bayan danga. Duhu ya fara haɗuwa a ƙarƙashin rassan. Ta zura hannu cikin kogon har gwiwar hannu, ta ji an miƙo mata takardun, a jere, a ninke, ba kamar yadda ta cusa su ba. Kawunan mata sun riga sun leƙo ta saman katanga. Ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta sake buɗewa.

"Musbahu!"

Daga cikin gida ya ce, "Na'am, Inna."

Hamdiya ta yi atishawa mai ƙarfi, ɗan yatsan ƙafarta na hagu ya girgiza, ta sulale daga kan turmin zuwa jikin Malam Cindo. Da ta buɗe ido, ruwa ta nema.

Permi dai bai dawo ba. Da suka je jastis, Baturiya riƙe da takardun a fili kowa na gani, aka ce hukunci ya riga ya zauna, sai wa'adinsa ya cika Musbahu ya sake neman permin daga farko. Daminar nan gona ya koma. Amma kafin a faɗa musu haka, sun daɗe zaune a dogon benci, su biyu kawai, suna jira. Da magatakarda ya kira sunan, Musbahu ya miƙe ya amsa, aka ji shi.

A ɗaya ƙarshen bencin, inda ba kowa, katako ya yi ƙara ya ɗan ɗago, kamar wani ya tashi. Labulen ƙofa ya motsa, ya koma ya tsaya. Baturiya ba ta waiwaya ba.