Hannun Da Ya Riƙe Baba

"Leanne! Ajiye cebur ɗin nan ki dube ni!"

Ina durƙushe a lambun bayan gida ina binne irin dankali, hannuna dumu-dumu da ƙasa, Mama ta fito ko takalmi babu a ƙafarta. Wayarta ta kawo dab da fuskata.

"Wace ce wannan?"

Ni ce.

Ni da Declan ne a kan 'yar gadar bakin kogi. Daga bayansa aka ɗauki hoton, daga can nesa, kafaɗarsa ta rufe rabin fuskata. Duk wanda ya gani zai rantse a ƙirjinsa nake kwance.

"Mama, na rantse miki ko hannunsa ban taɓa ba..."

"Rufe min baki! Duk unguwa ta gani! Ubanki na ciki da rabin huhu, ke kina can kina rungume mutumin da yake kwana ya tashi cikin masu korona!"

"Nesa da juna muka tsaya, Mama. Gaisawa kawai muka yi."

"Gaisuwar ce za ta kashe min miji!"

Lokacin ba a daɗe da kulle ƙasa saboda korona ba. Sanyi ya fara sakinmu, itacen tuffan Baba ya yi fari fat da fure, rana tana fitowa kullum kamar da gangan. Sau ɗaya a yini aka yarda mutum ya fita ya miƙe ƙafa. Baba kuwa ko wannan ba shi da ita, don ƙuruciyarsa duk a ramin kwal ya ƙarar da ita, likita ya ce kada ya wuce ƙofar gida.

Declan ma'aikacin jinya ne a babban asibitin yankinmu, a ɓangaren masu cutar. Shekara biyu muna tare. Dama can Mama ba ta sonsa, tana cewa ɗan mashayi ne, wai abin a jini yake. Yanzu ta samu hujjar da ta fi wancan ƙarfi.

Na karɓi wayar na duba wanda ya turo hoton a zauren hirar 'yan layinmu na waya.

Kirsty!

Maƙwabciyarmu ce, shinge ɗaya ya raba lambunmu da nasu. Tun muna makaranta take bin Declan, shi kuwa bai taɓa waiwayarta ba. A ƙasan hoton ta rubuta: "Wasu dai sun fi ƙarfin doka. Allah Ya tsare mana tsofaffinmu."

Daga ƙofar kicin na ji muryar Baba, a shaƙe kamar kullum.

"Maureen, ki ƙyale yarinyar nan. In ta ce ba ta taɓa shi ba, to ba ta taɓa shi ba."

"Kai koma ciki, Desmond! Kai ne ka ɓata ta!" Ta juyo gare ni, idonta jawur. "Daga yau ba ke ba fita ke kaɗai. Ko shi, ko ubanki. Ki zaɓa."

Na sunkuya na ci gaba da binne dankalina.

Haka rayuwa ta koma tsakanin kicin da lambu. Da safe in fito wa Baba da kujera bakin ƙofa, in rufa masa bargo a gwiwa, in haɗa masa shayi da madara mai kauri. Daga nan yake ba da umarni kamar shugaban ma'aikata.

"Kin matse waken nan da yawa, 'yar lelena. Ba su wuri su yi numfashi."

"Baba, ka ce haka jiya."

"To jiyan ma ba ki ji ba."

Dodon koɗi ya cinye mana latas, na zauna na yi ta kuka a kan ganye. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ba latas kike wa kuka ba, na sani."

Da yamma ni da Mama mu zaga layinmu, mu bi ta bayan coci, mu dawo. In mun hango mutum sai mu tsallaka titi, shi ma ya kau da kai. Ko wanda ka sani tun kana jariri ya zama abin gudu. Duk Alhamis kuma mutane su fito ƙofar gida suna tafa wa ma'aikatan asibiti. Mama har murfin tukunya take bugawa da cokali, ta fi kowa ƙara.

Ni dai in tsaya a bayanta, hannuna a aljihu.

A waya kaɗai nake jin Declan, a ɗan hutun da yake samu.

"Ya kike, zuciyata?"

"Ina nan. Muryarka ta dishe."

"Takunkumi ne. Ki bi maganar Mama, Leanne. Tana da gaskiya da take tsoro na. Ni ma tsoron kaina nake."

"Ina kewarka..."

"Ni ma. Kin dasa tumatirin?"

Ranar da aka ɗauke mu hoto, 'yan tsiron tumatir ya kawo min a kwali, waɗanda ya rena a tagar ɗakinsa. A kan katangar gada ya ajiye, ya ja baya, ni kuma na ɗauka. Ban gaya wa Mama daga inda suka fito ba. Baba da kansa ya rarraba su cikin tukwane, yana yaba ƙarfinsu.

Wata rana ina ba su ruwa, Kirsty ta leƙo ta kan shinge, kanta da tawul.

"Sannu da aiki, amaryar likita. An hana ki yawo ne?"

"Ke dai kin san abin da kika gani, Kirsty."

"Ni? Hoto ya gani." Ta yi murmushi. "Jiya ma na ajiye masa kek a ƙofarsa. Bawan Allah, ba mai kula da shi."

Na juya mata baya.

A farkon watan Mayu Baba ya tashi da zazzaɓi.

Ya ce mura ce. Kashegari ya kasa shan shayinsa, ya ce ba ya jin ɗanɗano. Kafin mako ya zagayo leɓensa ya canza launi, yana jan numfashi kamar mai hawan tudu da kaya. Motar asibiti ta zo da hantsi, mutum biyu a rufe ruf, ba ka ganin komai sai ido.

Suka ce ba mai bin sa.

Mama ta riƙe ƙofar motar. "Shekara talatin da biyar bai taɓa kwana ba ni ba! Ku bar ni!"

"Ki yi haƙuri, Mama, doka ce."

Baba ya ɗaga yatsu biyu daga kan gadon, ya yi min alamar in kula da ita. Suka rufe.

Muna shiga gida ta juyo kaina.

"Kin ji daɗi? Kin kawo masa! Ke da ɗan mashayin nan!"

Na ruga lambu na tsaya a kan tukwanen tumatir. Hannun Declan ya taɓa kwalin. Hannuna ya taɓa. Hannun Baba ya taɓa. Hankalina ya ce an daɗe, ba zai yiwu ba, amma zuciyata ta ƙi ji. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na kwara da katanga.

Sannan na kira shi.

"Leanne, na ga sunansa a..."

"Kada ka sake kirana."

"Masoyiyata, ki saurare ni..."

"Na ce kada ka sake kirana, Declan! Da ban san ka ba da ubana yana gida!"

Ina jin numfashinsa.

"To," ya ce. Ya kashe.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya jera su ba. Sau ɗaya a yini asibiti ke kira: yana nan dai, an ƙara masa iska, ya ɗan ci. Ni da Mama muna gida ɗaya ba ma magana. Ita ta wanke abin da yake a wanke, ni in cire ciyawar da ko tsawo ba ta yi ba. Waken Baba ya kama sanda yana hawa abinsa.

Ranar wata Talata da azahar wayata ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne, lambar asibiti.

Fuska ce a rufe da takunkumi da gilashi, amma idon nan ko a cikin dubu zan gane shi.

"Leanne, kira Mama. Yanzu."

Muryarsa ce ta gaya min komai. Mama ta fito daga kicin da kumfa a hannu. Tana ganinsa ta ɗaure fuska.

"Me wannan yake..."

Ya juya wayar.

Baba ne, ya ƙanƙance a tsakiyar gado, roba a fuskarsa. Hannunsa na dama yana cikin hannun Declan mai safar roba.

"Desmond!" Mama ta faɗi a kan gwiwoyinta. "Desmond, ga ni nan! Ka ji ni?"

Ya buɗe ido da ƙyar. Declan ya ɗan sassauta masa robar.

"Maureen... daina ihu... mutane na barci."

Ta yi dariya cikin kuka.

"Yaron nan..." ya tsaya ya nemi iska. "Ya tashi aiki... tun safe. Ya ƙi tafiya. Shi ya yi min aski."

"Baba!" na ce. "Baba, ka yafe min..."

"Me kika yi, 'yar lelena? Shirme..."

Daga nan bai sake magana ba. Declan ya jingina wayar a inda za mu riƙa ganinsa, ya zauna ya riƙe hannun da hannu biyu. Mama ta yi ta yi masa hira, labarin ranar aurensu da ruwa ya jiƙa su, da motarsu ta farko da ba ta tashi sai an tura. Tana cikin magana Declan ya sunkuya, ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya dube mu.

"Ya tafi, Mama."

Ya sa hannu ya rufe masa ido.

Mutum kaɗan aka bari a wurin jana'iza, kujeru nesa da juna. Ƙanwar Baba ta yi kuka ita kaɗai a kusurwa, ba wanda ya isa ya dafa ta. Na yi ta kallon ƙofa. Declan bai zo ba, na ce a raina ni na jawo.

Da muka dawo muka tarar da Kirsty a bakin ƙofarmu da furanni, fuskarta a kumbure.

"Mama Maureen, sannu da haƙuri..." Ta kasa duban idona. "Hoton nan... ba su taɓa juna ba. Ina kallo. Wasa na ɗauka."

Mama ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Wasa," ta ce. "Tafi da furenki, Kirsty."

"Kuma..." in ji Kirsty, "Declan na kwance. Ya kamu. Shi kaɗai ne a ɗaki."

Na juya na dubi Mama.

Ta shige kicin da baƙaƙen kayanta, ta ɗora tukunya, ta yi romon kaza da albasa da karas. Ta juye a kwano mai murfi, ta naɗe da tawul.

"Sa takalminki."

Tafiyarmu ta ranar ke nan. Muka bi bakin kogi, muka haye gadar, har benen da yake haya. Mama ta ajiye kwanon a ƙofarsa, ta ƙwanƙwasa, muka ja baya zuwa matakala.

Tari muka fara ji, mai tsawo.

"Waye?"

"Ni ce, Maureen Ackroyd. Kada ka buɗe."

Mama ta gyara murya.

"Declan... mijina ya ji tsoro? Ka gaya min gaskiya, ba irin ta asibiti ba."

"Ya ji, Mama, kwana biyun farko. Daga baya ya daina. Faɗa ma yake min wai ban iya aski ba."

Mama ta toshe bakinta da hannu, kafaɗunta na girgiza.

"Na zage ka, na zagi ubanka," ta ce da ta samu murya. "Kai kuma ka riƙe min mijina inda ni na kasa kaiwa. Ban san yadda ake biyan wannan ba, ɗana."

"Ba komai, Mama..."

"Da komai. Ga Leanne nan, bakinta ya mutu."

Na matso kaɗan, hawaye ya hana ni gani.

"Declan... abin da na faɗa maka..."

"Na manta shi, zuciyata."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," ya ce, tari ya sake kama shi. "Amma zan manta. Ki dai riƙa zuwa."

"Kullum."

"To in na tashi... za ki aure ni?"

Na waiwaya na dubi Mama. Ta share fuskarta da bayan hannu.

"Ni kike kallo? Amsa masa mana, romon na hucewa!"

"Zan aure ka," na ce da ƙofar. "Ka dai tashi... don Allah ka tashi."

Ya tashi, amma ba kamar da ba. Har yau in ya hau bene sai ya tsaya a tsakiya ya huta, aikin asibitin ma ya bar shi. Kuma har yau ba wanda ya san ta inda cutar ta shigo gidanmu, ko ta kanti, ko ta mai kawo saƙo, ko ta ni.

A ƙarshen Agusta aka ɗaura mana aure, ba kiɗa ba taro. Da aka tambayi wanda zai miƙa amarya, kowa ya sunkuyar da kai.

Mama ta miƙe, ta kama hannuna ta sa a nasa.

"Ni ce," ta ce. "Ubanta ya riga ya bayar."